Za a Sallami Ɗana da Roba a Hanci, Yaya Zan Yi da Shi a Gida?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 3 ya yi sanƙarau, makonmu 6 a asibiti a Gombe. Har yanzu ba ya iya haɗiya, ta robar hanci ake ba shi abinci, kuma yana shan maganin farfaɗiya. An ce za a sallame mu mako mai zuwa, ga shi ƙauyenmu can bayan Dukku yake. Wallahi tsoro nake ji.

Amsa: Sannu da jinya, baiwar Allah, Allah Ya ba shi lafiya. Tsoronki yana kan hanya, domin wannan sallamar ba ta warkewa ba ce, jinyar ce za ta koma hannunki. Shi ya sa nake roƙonki, kada ki naɗe tabarmarki sai kin koyi aikin da hannunki, nas tana tsaye a kanki. Kallo kawai ba ya wadatarwa.

Robar ce ta fi damuna. Kafin kowane ciyarwa ki duba alamar da aka yi mata a bakin hanci. In ta gusa, ki dakata. Ki ɗaga kansa da ƙirjinsa, ki zuba tataccen kunu ko madara a sirinji ya sauka a hankali, ki bi da ruwa mai tsabta, sannan ki bar shi a jingine minti 30. Da ya fara tari, ko ya shaƙe, ko leɓensa ya sauya launi, ki tsaya nan take. Abinci ne ke neman shiga huhu, kuma ciwon huhu na cikin abubuwan da suka fi dawo mana da irin waɗannan yara. In robar ta fita, kada kowa ya mayar da ita a gida. Tun yanzu ki tambaya ko za a iya sa masa wata a asibitin Dukku.

Maganin farfaɗiya ba a yanke shi rana ɗaya, ko da jijjigar ta daina, don tana iya dawowa da ƙarfi. Ki nemi wani tun da sauran na mako guda. In jijjigar ta taso, ki kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura ruwa ko rubutu. In ta wuce minti 5, sai asibiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa uwa kaɗai ake koya wa. Ran da zazzaɓi ya kayar da ita, yaro ya wuni da yunwa. Ki sa mahaifinsa ko kakarsa su zo su koya tare da ke, har da juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Ki karɓi takardar sallama mai ɗauke da sunan ciwon, magunguna da ranar dawowa, da lambar wayar da za ki kira. Ki sa a duba jinsa, domin sanƙarau kan taɓa kunne, a kuma nuna miki gashin da za ki riƙa yi masa, wato motsa masa gaɓoɓi. Batun kuɗi kuwa, maigidanki ya leƙa ofishin walwala na asibitin, ya kuma tambayi yadda ake shiga tsarin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, kafin ku hau mota.