Me Ya Sa Mario Ke Gudu Zuwa Dama?

Tambaya: Malam, na lura a gem irin su Mario da Sonic kullum daga hagu ake tashi a nufi dama. Ni kuwa a makarantar allo daga dama na fara karatu. Dole ne sai haka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, tambayar nan ta yi mini daɗi, domin tun ina yaro a gidan gem na unguwarmu, ina bin layi da 'yan canjina a hannu, take yi mini yawo a rai.

Galibi cewa ake yi rubutun boko ne ya sabar wa ido. Da gaskiya a ciki, amma ba ta gamsar da ni. A Japan aka haifi Mario: kamfanin Nintendo ne ya fitar da Super Mario Bros. a 1985, kuma Japanawa ta dama suke buɗe littattafansu na zane, kamar yadda kake buɗe littafin ajami.

Ni na fi ɗora abin a kan na'ura da sabo. Kwamfuta daga kusurwar hagu ta sama take fara ƙirga wuri a allo, lamba na ƙaruwa in an nufi dama, don haka ci gaba a wurin mai tsara wasa can yake. Tun 1981 jirgin wasan Scramble dama yake tashi. Sai Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya zo ya tsayar da Mario a gefen hagu, fuskarsa na kallon dama, fili fetal a gabansa. Ba wanda ya ce maka uffan, amma yatsanka ya san inda zai danna. In ka wuce wuri kuma allon ba ya komawa baya, ko da ka bar lemar kwaɗin da ke ƙara wa Mario girma a can. Wasan ya karɓu a duniya, masu zuwa suka bi sawu.

Amma ba dole ba ne. Jungle King na 1982 hagu yake tafiya. A Kung-Fu Master na 1984, wannan bene hagu, na gaba dama. Wanda ya fi burge ni shi ne Metroid na 1986. Ranar da na fara buga shi, dama na miƙe, har na tarar da wata 'yar ƙofa da ba ta shiguwa a tsaye. Ashe abin da zai dunƙule ni in shige yana hagu, taku kaɗan daga inda na fara.