Ƙarfe Biyun Dare a Gusau, Ana Wasa a Houston

Wasiƙu huɗu muka ɗauko a wannan fitowar, duk a kan ƙungiyoyin wasa na manyan makarantu. Uku sun shafi jami'o'in Amurka, ta huɗu kuma ta gida ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne nan Gusau, ina buga ƙwallon kwando. Tun da na ji cewa Hakeem Olajuwon Jami'ar Houston ya yi, na kamu da son ƙungiyarsu. Amma sau biyu ina tashi cikin dare in iske an gama wasan. Ta yaya zan riƙa bin su ba tare da wanga ɓacin rai ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ka zaɓi gida mai tarihi. Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai Houston cikin huɗun ƙarshe na gasar jami'o'i sau uku a jere, 1982 da 1983 da 1984. A 1983 sun faɗi wasan ƙarshe da ci 54 da 52 a hannun North Carolina State, amma duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. Har yau kofin nan bai shiga hannun Houston ba. A 2025 ma sun je wasan ƙarshe, Florida ta doke su 65 da 63.

Matsalarka ta agogo ce, kuma kuskure biyu ake yi. Na farko, Amurka ba lokaci ɗaya take bi ba. Houston tana kan lokacin tsakiya, wanda ake rubutawa CT, alhali yawancin jadawalin talabijin da lokacin gabas ake fitar da shi, wato ET, wanda ya riga CT da awa ɗaya. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris, ka ƙara awa 7 a kan CT, ko awa 6 a kan ET. Wasan ƙarfe 7 na yamma a Houston ƙarfe 2 na dare ne a Gusau, kuma rana ta riga ta juya: wasan Talatarsu, kai daren Talata wayewar Laraba za ka gan shi. Masu saita ƙararrawa a daren da ke biye su ne ke tashi su tarar an yi jiya.

Kuskure na biyu, suna matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, su mayar da shi ranar Lahadin farko a Nuwamba. Mu namu ba ya motsi. Saboda haka daga tsakiyar Maris tazarar takan koma awa 6 da Houston, awa 5 da gabas. Wannan canjin yana faɗowa daf da babbar gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙarshen kaka, wadda aka mayar da ƙungiyoyinta 68 a 2011. Wanda ya ci gaba da lissafin Janairu zai makara da awa guda, rabin wasa ke nan.

Kakar tana farawa farkon Nuwamba, ta ƙare farkon Afrilu. Wasanni sun haura 30, ba kuma kowanne ne ya cancanci ka hana idonka barci ba, balle kana da aji da safe. Ka fi ba da ƙarfi ga wasannin Asabar na rukunin Big 12, wanda Houston ta shiga a 2023. Wanda aka sa ƙarfe 1 na rana can, ƙarfe 8 na dare ne nan, bayan isha'i. Kwana biyun zagayen farko na gasar Maris ma, Alhamis da Juma'a, wasa kan fara da misalin ƙarfe 5 na yammarmu.

Tashar ESPN da ke kan DStv tana nuna wasu, ba duka ba. Manhajarsu ta waya kuma, in ka zaɓi ƙungiyar, tana nuna jadawali da lokacin wayarka, sai dai ka tabbata agogon wayar kan Najeriya yake. Wasa ɗaya kan ɗauki kamar awa 2, kallonsa kai tsaye zai iya cinye fiye da giga ɗaya, don haka ka rage hasken hoton, ka yi caji tun da rana. In na tsakar dare ne, a gida za ka kalla. Fita neman gidan kallo ƙarfe biyun dare ba shawara ba ce. In barci ya sace ka, taƙaitaccen wasan yana kan YouTube da safe.

Tun da kai ɗan wasa ne, ka lura dokarsu ta ɗan bambanta da wadda kuke bi. Maza rabi biyu suke yi na minti 20, ba zango huɗu na minti 10 ba, kuma daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, ba 24 ba. Keta biyar ke fitar da ɗan wasa, kamar dai a nan.

TAMBAYA: Ina da gidan kallo a Birnin Kebbi. Mun ga an rubuta ƙwallon ƙafar jami'o'i a jadawali, da munka kunna sai ga ƙarti da hulunan kwano suna ture juna. Wane irin wasa ne, kuma zai kawo mini 'yan kallo?

AMSA: Alhaji, ba tashar ce ta yi kuskure ba. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ke nan, ɗan'uwan zari-ruga ne, da hannu ake yawancinsa. Mutum 11 kowane ɓangare. Mai riƙe da ƙwallo yana da dama 4 ya ci gaba da yadi 10. In ya cika a sabunta masa, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ta ƙarshen fili maki 6 ne, da ƙarin 1 ko 2 a bayansa. Buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna maki 3. Zango huɗu ne na minti 15, amma da tsaye-tsaye yakan haura awa 3. Ana farawa ƙarshen Agusta, kowace makaranta ta yi wasa 12, galibi ran Asabar, a ɗaga kofi a Janairu.

Batun ciniki kuwa, gaskiya ba zai ture Firimiya ba. Wasan farko na Asabar ƙarfe 5 na yammarmu yake farawa a Satumba da Oktoba, daidai da wasan yamma na Ingila, na biyu kuma 8:30 na dare, ya kai ka sha biyu janareta yana shan mai. In kana da akwati na biyu, ka gwada na 8:30 ɗin, ka samu wanda zai riƙa bayyana wa mutane damar nan huɗu, don ita ce mabuɗin wasan. Ka kuma ba su labarin Christian Okoye, ɗan Enugu da ya je Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, ya koyi wasan a can, har ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar ƙwararru ta NFL a 1989 da yadi 1,480.

TAMBAYA: Daga Talata Mafara. Akwai ɗan wasan kwando ɗan asalin Najeriya da nake bi a wata jami'a bara. Bana na duba babu shi, kuma ban gan shi a NBA ba. Ina irinsu ke shiga?

AMSA: Ɗan'uwa, nan ne bin jami'a ya bambanta da bin Arsenal ko Barcelona. Ɗan wasan jami'a baƙo ne mai kwana ƙidayayye. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kaka 4 cikin shekara 5, ƙwararru kuma tun bayan shekara ɗaya ko biyu suke tafiya. Makarantar ce ke zama, ita da mai horarwa.

Ka fara da jerin sunayen bara a shafin wasanni na jami'ar, ka duba ajinsa. In ɗan shekarar ƙarshe ne, ya gama ke nan. In ba haka ba, mai yiwuwa sauya makaranta ya yi. Tun 2018 akwai rajistar da mai son tafiya ke sa sunansa, daga 2021 kuma aka daina tilasta masa zaman shekara guda a benci bayan ya sauya. A shekarar ce aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu, shi ya sa yanzu da an gama kaka a Afrilu sai zawarci ya kankama, ƙungiya ta wayi gari rabinta sababbi ne. Akwai kuma wanda yana nan bai tafi ba, rauni ne ko shawarar koci ta sa aka ajiye shi kakar gaba ɗaya don kada ta shiga lissafinsa. Irin wannan za ka ga sunansa a jeri, amma babu minti ko ɗaya a gabansa.

Rashin ganinsa a NBA, babbar gasar kwando ta ƙwararru a Amurka, ba abin mamaki ba ne. Zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a Yuni zagaye biyu ne kawai, gurbi 60, har da 'yan wasu ƙasashe a ciki, alhali makarantun rukunin farko sun haura 350. Sauran sukan shiga G League, ƙaramar gasar NBA, ko su nufi Sifaniya, Faransa, Turkiyya, Girka, Jamus ko Japan. Wasu sukan zo gasar BAL ta Afirka da aka fara a Kigali a 2021. Kwantiragin waje sau da yawa na kaka ɗaya ne, don haka ka sake neman sunansa kowane Satumba, da cikakken sunan da ke kan rajista ba laƙabi ba.

Tun da ɗan asalin Najeriya ne, ka sa ido a kan sunayen D'Tigers, ƙungiyar kwandon maza ta Najeriya, duk lokacin da aka kira sansani. Tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015 cike take da tsofaffin ɗaliban jami'o'in Amurka, irin su Al-Farouq Aminu na Wake Forest da Chamberlain Oguchi wanda ya zama gwarzon gasar. Wani kuma ba a fili za ka same shi ba, a ofis ne. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ya buga wa ƙaramar kwalejin Bismarck State, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofi a 2019.

TAMBAYA: Ni malamar motsa jiki ce a wata kwaleji a jihar Kebbi. Ɗalibanmu sun sha wakiltarmu a ƙwallon ƙafa da kwando, amma yau in anka tambaye ni wa ya buga mana shekara goma baya, sai in yi shiru. Ina son in haɗa tarihinsu, in san inda suke. Ta ina zan faro?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri, wannan tambayar ta fi duk na baya muhimmanci a gare mu. Wasannin makarantu ba baƙo ba ne a ƙasar nan: gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966 aka fara ta a Ibadan, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, na ilimi suna da NICEGA. Daga Aliero zuwa Argungu, daga Maru zuwa Ƙaura Namoda, yara suna ta zuba gumi. Abin da ke ɓacewa shi ne rubutu, sai a bar tarihin ƙungiya a kan mutum ɗaya, ranar da ya yi ritaya ya tafi da shi.

Ki sayi babban littafin rajista mai bango mai tauri, ki kuma buɗe kwafinsa a kwamfuta. Kowane ɗan wasa layi ɗaya: cikakken suna kamar yadda yake a takardar shiga makaranta, laƙabin da aka san shi da shi a fili, lambar ɗalibi, sashensa, shekarar shiga da ta fita, wasan da ya yi, gurbinsa, lambar riga, garinsu. Lambar ɗalibin ita ce ginshiƙi. Za ki samu Abubakar Muhammad uku a shekara ɗaya, ko mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad nan, Mohammed can. Laƙabin ma kada ki raina shi, don da yawa ko abokan wasansu da shi kaɗai suka san su.

Tsofaffin sunaye suna wurare uku. Ofishin wasanni yana da fom ɗin tantance 'yan wasa na kowace gasa. Ofishin kuɗi yana da takardun alawus ɗin tafiya, kuma su ne suka fi inganci, don ba a biyan mutum sai ya sa hannu. Na uku hotuna. Ki ɗauki hoton tawaga guda, ki zaunar da tsohon koci ko direban motar makaranta, ya bi fuska-fuska daga hagu zuwa dama kina rubutawa a wata takarda daban. Kada a yi rubutu da biro a bayan hoton, tawada tana hudowa. Duk abin da aka faɗa da baki, ki jira mutum na biyu ya tabbatar kafin ya shiga littafi, musamman sakamakon wasa da wanda ya ci ƙwallo.

Wajen gano inda suke, ki nemi kyaftin ɗin kowace shekara, shi zai kawo miki sauran. Waɗanda suka ci gaba da ƙwallon ƙafa, hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha za ta iya taimaka miki da kulob ɗin da suka yi rajista, ko a ƙaramin rukunin gasar ƙasa na NLO ne, ko na tsakiya NNL, ko babban rukuni NPFL. Wasu kuma za ki same su a ƙungiyoyin soja, 'yan sanda ko kwastan, inda wasan ya zame musu hanyar samun aiki. Tsofaffin 'yan wasa mata sai kin bi ta ƙawayensu, don aure kan canza gari har da suna. Ki nemi izinin kowa kafin ki sa lambarsa ko hotonsa a zauren WhatsApp, ki kuma hana tallace-tallace da siyasa a zauren tun ranar farko, su ne ke watsa irinsa.

Na yanzu kuwa, kada wasa ya sake wucewa babu takarda. Ki horar da ɗalibai biyu, ɗaya ya riƙa rubuta maki da keta da minti, ɗaya ya ɗauki hoton takardar da waya kafin a bar fili. A kwando, takardar maki ta FIBA, hukumar kwando ta duniya, tana nan kyauta a intanet, ki buga kwafi 50 ki ajiye. Ƙarshen kowane zangon karatu ki fitar da kwafi biyu na rajistar, ɗaya a ofishinki, ɗaya a ɗakin karatu na makaranta. In sunaye sun kai na shekara biyar, ki nemi hukumar makaranta ta sa wasan tsofaffi da sababbi a makon yaye ɗalibai, ki ajiye littafin a kan tebur bakin fili da biro, kowa ya duba layinsa ya gyara.