Me Ya Sa Akira Ke Rikita Mai Kallo?

Tambaya: Malam, na kalli Akira, fim ɗin zanen Japan na 1988, amma ƙarshensa ya ɗaure mini kai. Ina matsalar take?

Amsa: Ba laifinka ba ne. Katsuhiro Otomo, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, ya matse labarin littattafan zanensa guda 6, masu shafi sama da 2,000, cikin fim na kusan awa biyu, alhali littafin bai ma kammala ba sai 1990. Shi ya sa aka zubar da rabin labarin. A littafi Akira yaro ne mai rai. A fim kuwa sassan jikinsa ne a kwalabe, ƙarƙashin filin wasannin Olamfik. Idan za ka sake kallo, bi Tetsuo kaɗai, wato matashin nan mai babur da ya samu ƙarfin ban mamaki, ka bar rikicin 'yan siyasa tukuna.