Amsa ga ƙanenmu da ogansa ya zama SAN

Assalamu alaikum. Barista, tun da safe na ga tambayarka, ina kotu ne, sai yanzu bayan la'asar na samu zama. Abin da na fahimta shi ne: shekararka biyu da fitowa daga makarantar lauyoyi ta Bagauda, kana aiki a wata chamba, wato ofishin lauyoyi, sunan oganku ya fito cikin waɗanda za a rantsar a matsayin SAN, wato muƙamin Babban Lauyan Najeriya, kai ne kuma ka yi ta kwana a kan takardun wasu shari'o'in da ya gabatar, amma ko a wurin walima ba a ambace ka ba. Sai ga wani attajiri da chambar ke yi wa aiki ya ja ka gefe, ya ce ka riƙa yi masa aiki kai tsaye ba tare da oga ya sani ba. Kana tambaya ko ka karɓa.

Kada ka karɓa, ƙanena. Ni na taɓa karɓa, shi ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Ina shekara ta uku a aiki wani ɗan kasuwa da ke zuwa ofishinmu ya kawo mini rikicin fili a ɓoye. Albashina a lokacin ba ya kai ni tsakiyar wata, ga sabon aure. Na karɓi kuɗin, na shigar da ƙara da sunana. Abin da ban lissafa ba shi ne lauyan ɗaya ɓangaren ajinsu ɗaya da ogana a makarantar lauyoyi. Suna hira a harabar kotu ya ce masa yaronka yana ƙoƙari a shari'ar Alhaji. Oga bai yi mini faɗa ba, bai kore ni ba. Fayil kawai ya daina ba ni. Wata takwas ina zuwa ofis ina komawa gida, ana tura na bayana kotu ina kallo. Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne Alhajin kansa. Da na buɗe ofishina bayan shekaru, ko wasiƙa ɗaya bai kawo mini ba, babban aikinsa na can wurin oga. Mai kuɗi yana neman araha a hannunka, amma yana lissafin cewa wanda ya zagaye maigidansa zai iya zagaye shi.

Ban da wannan, akwai doka. Ƙa'idojin aikinmu, na 2007 da na 2023 da suka maye gurbinsu, sun ɗora wa lauyan da ya karɓi shari'ar da ke hannun wani lauya nauyin sanar da shi, da ƙoƙarin ganin an biya shi haƙƙinsa. Kai da ke cikin chambar, ta yaya za ka sanar? Kuma kuɗin da zai tura maka, asusunka na kanka zai shiga, su gauraya da na cefane. Daga nan ne ƙorafi yake tashi zuwa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke da ikon jan kunne, ko dakatarwa, ko goge sunan mutum daga rajistar Kotun Ƙoli gaba ɗaya.

To, maganar ba a ambace ka ba. Na san yana da zafi, kuma ban ce oganka ya kyauta ba. Wanda ya san darajar yaransa yakan miƙe a gaban jama'a ya kira sunayensu. Amma ka dubi yadda ake samun muƙamin, za ka ga inda ya kamata ka sa ƙarfinka. Tun 1975 da aka fara ba Cif Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, kwamitin da Alƙalin Alƙalan Najeriya ke shugabanta ne ke zaɓe. Sai mutum ya shekara 10 da zama lauya kafin ya nema. A 'yan shekarun nan ana neman hukunci 20 na babbar kotu, 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara, 4 na Kotun Ƙoli, dukkansu da sunanka a ciki a matsayin wanda ya gudanar da shari'ar, ga kuma shari'o'in da ka yi wa marasa hali kyauta. Ana zuwa har ofis a duba ɗakin littattafai da lauyoyin da ke ƙarƙashinka da takardun ɗaukarsu aiki. Ana tuntuɓar alƙalan da ka tsaya a gabansu a asirce. Sannan a wallafa sunaye a ce duk mai ƙorafi ya rubuto.

Ka lura, babu inda aka tambayi wa aka yaba a walima. Takarda ake dubawa, sai kuma abin da mutane za su faɗa a bayan idonka.

Saboda haka daga gobe, duk ranar da ka raka oga kotu, ka tabbata da ya miƙe ya gabatar da kansa ya ambaci sunanka, alƙali ya rubuta. Duk ranar da aka tura ka kai kaɗai, ko da ɗage shari'a za ka nema, ka shirya kamar ranar yanke hukunci ce. Ka sayi littafi guda, ka riƙa rubuta lambar ƙara, kotu, alƙali, da abin da ka yi ranar. In an yanke hukunci ka je rajistara ka karɓi kwafi mai hatimin kotu ka adana, domin neman fayil ɗin da ya shekara goma a ɗakin ajiya wahala ce da ba na so ka sha. Ni sai da na shekara bakwai na fara wannan, abubuwa da yawa sun ɓace mini. Kuma takardar da kai ka rubuta, ka roƙi oga cikin ladabi a jera sunanka a ƙasa tare da nasa. Sunan lauya a takarda ba ado ba ne: a shari'ar Okafor da Nweke a 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don an sa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista.

Ma'aikatan rajistara da akawun kotu da mai kai sammaci, ka gaishe su da sunansu. Na ga matasa suna ɗaga musu murya don sun sa wig da gawun. Su ne suka san wanda ke zuwa a makare, da wanda ke cewa oga ya tafi Abuja alhali yana ofis. Alƙali kuwa ƙarya ɗaya ta ishe shi, ba zai sake ɗaukar maganarka ba sai da takarda.

Kada kuma ka ɗauka rigar siliki da SAN ke sawa ita ce ma'aunin lauya. Gani Fawehinmi ya zama lauya a 1965, ba a ba shi SAN ba sai 2001, bayan duk ƙasar ta daɗe da sanin ko shi wanene. A Arewa ma sai 1982 aka fara samu, da marigayi Alhaji Abdullahi Ibrahim. Akwai dattawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da ba su taɓa nema ba, kuma in suka miƙe a kotu kowa yakan yi tsit.

In kuɗi ne matsalar, kuma na san shi ne, yanzu ne lokacin magana. SAN ba ya tsayawa a shari'ar da ba ta laifi ba a babbar kotu sai da ƙaramin lauya ko wani SAN a gefensa, kuma ƙananan shari'o'i za su ƙara saukowa hannunku. Yana buƙatarka fiye da bara. Ka bari hidimar rantsuwa ta lafa, ka same shi shi kaɗai, ka yi masa murna, ka ce ranka ya daɗe ina neman a duba albashina, ina kuma neman izini in riƙa karɓar ƙananan ayyuka na waɗanda ni na samo, da saninka. Wasu ogannin sukan yarda a raba kaso. In ya ƙi duka biyun, ka ba shi sanarwa a rubuce, ka miƙa fayil-fayil da bayanin inda kowace shari'a ta tsaya, ka tafi da rana tsaka.

Shi kuma Alhajin da ya ja ka gefe, ka gode masa, ka ce masa aikinsa yana hannun chamba kuma za ka ci gaba da kula da shi a can. In wata rana ka buɗe naka ofishin ya zo da ƙafarsa, sai ka rubuta wa oga ka sanar da shi, ka tambaya ko akwai sauran kuɗinsa a kan Alhaji, sannan ka buɗe fayil.