Tambaya da Amsa: Shin Takardun Filina Sun Mutu Tare da Tsohuwar Gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam lauya. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwa a jihar Maraɗi. Ina da takardar fili da magajin gari ya sa wa hannu kafin juyin mulkin 2023, kuma kotu ta taɓa ba ni gaskiya a kan gonar gado. Yanzu wani ya ce mini tunda an jingine kundin tsarin mulki, an kuma rusa majalisun ƙananan hukumomi, takarduna sun zama banza sai na biya shi ya sabunta mini su a Yamai. Hankalina ya tashi. Wane ne ke riƙe da me a wannan gwamnati, kuma ina matsayin haƙƙina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka ba wannan mutum ko dala.

Tsarin da ake kai yanzu ba shi da sarƙaƙiya. Bayan kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, majalisar soja ta CNSP ta fitar da dokoki biyu ranar 28 ga watan: ta farko ta jingine kundin tsarin mulkin 2010, ta biyu kuma ta tattara ikon yin doka da na zartarwa a hannun majalisar, a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine, wanda aka naɗa a watan Agustan 2023, farar hula ne, amma shugaban ƙasa ne ya naɗa shi kuma shi ke iya sauke shi. Bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairun 2025, an ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa ranar 26 ga Maris, wanda ya ba Tiani wa'adin shekara 5 da za a iya sauya shi gwargwadon yanayin tsaro, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Majalisar tuntuɓa ta CCR mai mambobi 194 shawara take bayarwa kawai, ba ta da ikon zartar da doka ko tsige minista. A ɓangaren shari'a an kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan kotunan da aka rusa, yayin da ƙananan kotuna da na ɗaukaka ƙara suka ci gaba da zama. A ƙananan hukumomi kuwa, tun watan Afrilun 2024 kantomomin riƙo ne ke zaune a kujerun zaɓaɓɓun magadan gari.

Yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da ita, wai da an jingine kundin tsarin mulki duk dokokin ƙasa sun faɗi tare da shi. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin dukiyar talaka. Ita kanta dokar da sojoji suka kafa domin tsara mulkin riƙon ƙwarya ta tanadi cewa dokokin da ake aiki da su suna nan daram, sai wadda aka soke a fili. Dokar filaye, dokar laifuffuka, dokar kasuwanci, hukuncin da alƙali ya yanke, bashin da aka rubuta a gaban shaidu, babu wanda ya faɗi don kawai an jingine kundin tsarin mulki. Magajin garin da ya sa wa takardarka hannu ya yi hakan ne da sunan ofishinsa, ofishin kuma yana nan ko da mutumin ya koma gida, haka nan rajistar da aka shigar da filinka tana cikin kabad ɗin da take tun farko, kantoma ne kawai ya gaji mabuɗin.

Ka dubi dokar karkara da hukumomin filaye na COFO ke aiki da ita har gobe. A watan Maris na 1993 aka kafa ta, a zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou. Ta tsallake juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara na 1996, da na Daouda Malam Wanké na 1999, da na Salou Djibo na 2010, ga ta kuma tana aiki a yau. Da a ce kowane juyin mulki yana share takardu, da babu mai gona ko kango ɗaya a Nijar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda 'yan kamasho ke tsayawa a bakin ma'aikatar magajin gari, jaka a hamata, suna kama dattijon da bai iya karatun Faransanci ba, su ce masa hatimin da ke kan takardarsa na tsohuwar gwamnati ne. Sai ya miƙa musu takardar asali tare da jikkunansa, ƙarshenta a wayi gari an sayar da filin ga wani. Akwai kuma waɗanda aka yi wa hukuncin da bai yi musu daɗi ba, aka ce musu su zauna tunda kotunan ma na wucin gadi ne, har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce suna zaune, alhali kuwa kwanakin da doka ta ƙayyade ba su daina ƙirguwa ba ko na yini ɗaya. Laifin ba na 'yan damfara kaɗai ba ne, domin ma'aikacin da ke juya mutum yau da gobe ba tare da yi masa bayani cikin harshen da yake ji ba shi ke tura shi hannunsu.

Akwai dai abin da ya kamata ka sa wa ido. Tunda babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki, ana iya sauya doka da sa hannun mutum ɗaya ba tare da muhawara ba, wannan kuwa rauni ne babba a tsarin, ko da wane ne ke kan kujerar. Amma irin wannan sauyi a jaridar gwamnati ake buga shi da lamba da kwanan wata, saboda haka duk wanda ya ce maka an soke wani abu, ka ce ya nuna maka lambar dokar.

Ka yi hoton takardunka, ka adana na asali a gida, ka je da kanka ofishin filaye na ƙaramar hukumarku ka tabbatar lambar filinka tana cikin rajista. Hukuncin gonar kuma ka nemi kwafinsa mai hatimi a wurin magatakardan kotun da ta yanke shi. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi na hukuma, ka karɓi rasit.