Ruwan saman da ya taso daga teku da kwatoci, ana alwala da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, da damina ruwan sama muke tara a duro. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai ruwan sama tururi ne da ke tashi daga teku, har da kwatoci. Tun ranar zuciyata ba ta natsu da yin alwala da shi ba. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka ci gaba da alwalarka. Yaronka gaskiya ya faɗa, kuma bai saɓa wa addini ba.

Rana kan bugi Tekun Atlantika, ruwa ya tashi tururi, iskar kudu maso yamma ta koro shi kan Legas. Can sama ya yi sanyi, hadari ya haɗu, ya zubo. Wani ya nutse ya cika rijiyoyi, wani ya bi kogin Ogun ya koma teku. Allah da kansa ya ce a Suratur Rum, aya ta 48, shi ke aiko iskoki su tayar da girgije. Sanin hanyar da ruwa ke bi ba ya kore Mai saukar da shi.

Batun ƙazanta kuwa, dubi murfin tukunyar miya. Ruwan da ke taruwa a jikinsa fari ne tas, gishiri da manja suna ƙasa. Haka tururi ke barin gishirin teku da dattin kwata inda suke. Suratul Furƙan, aya ta 48, ta kira ruwan sama mai tsarkakewa. Shi kansa teku, Annabi (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.

Inda nake so ka sa ido shi ne bayan saukarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya ana duba launi, ɗanɗano da wari. In najasa ta canza ɗayansu, ruwan ya ɓaci. In abu mai tsarki ne ya canza shi, kamar sabulun da ya saura a duro, a yi wanki da shi, ban da alwala. Ka bar zubin farko ya wanke kwanon rufi kafin ka tara, ka kuma rufe duron. Ruwan sha kuwa, a tafasa saboda yara.

Ruwan ambaliya da ke kwanciya a titi ya gauraya da kwata har ya yi wari, wannan kam a nisance shi. Wallahu a'alam.