Ina buga ƙwallo ina zufa sosai, ni ma sai na rage gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 31, ina buga ƙwallo a ƙungiyar unguwarmu a Gusau, muna atisaye sau huɗu a mako bayan la'asar. Mahaifina na da hawan jini, bara ɓarin jikinsa ya shanye. Da na raka shi asibiti aka auna ni, aka samu 144/92, aka ce in rage gishiri. Amma kocinmu ya ce mai zufa irin tawa in ya rage gishiri ƙafarsa za ta riƙa ɗaurewa, har yakan sa mu lasa gishiri kafin wasa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka bi maganar asibiti. Kocinku bai yi ƙarya ba da ya ce zufa na fita da gishiri, amma abin da kake zubarwa a fili sau huɗu a mako bai kai abin da ke shiga cikinka daga tukunya sau uku a kullum ba. Kuma wanda mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ma awonsa ya haura 140/90 yana ɗan shekara 31, bai kamata ya ɗauki lamarin da wasa ba. Na sha ganin matasa majiya ƙarfi da ke zaton motsa jiki ya raba su da hawan jini. Yana rage shi, tabbas, amma ba ya goge gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. A ƙiyasinta, matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sodiyam, wanda ya kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Idan ya yi yawa, jiki na riƙe ruwa don ya tsarma shi, jijiyoyin jini su cika, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Baƙar fata kuma sun fi saurin nuna wannan tasirin.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne madafin gidanku. Yawancin waɗanda aka ce su rage gishiri sai su daina barbaɗa farin gishiri, su ƙara magi don miya ta yi ɗanɗano. An gudu ba a tsira ba. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, ƙananan dunƙule uku sun haura rabon mutum ɗaya na yini. Ka tsaya ka kalli yadda ake haɗa miyar kuka a gidaje da yawa: a murmushe dunƙule biyar ko shida, a kaɗa farin magi, a zuba gishiri, sannan a jefa 'yar kanwa. Bayan an zuba tuwo kuma ga robar yaji a gefe, shi ma an daka shi da gishiri da magi. Haka abin yake a waje: tsire da kilishi, awara da yajinta, gyaɗa mai gishiri, kifin gwangwani, burodi. Indomi fakiti biyu a teburin mai shayi bayan atisaye, in aka juye duk sinadarin da ke cikin leda, sun kusa cinye rabonka na ranar.

Ita kanwa tana bukatar magana ta musamman, don mutane ba sa lissafa ta a gishiri. Sunan da ake kiranta da shi a Turance, wato potash, kan sa a zaci sinadarin fotasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam ne. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta hakan da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Don haka kanwar da ake sa wa wake, ɗanwake da miyar kuɓewa tana cikin lissafi, musamman a abincin Baba.

Kada a yanke magi da gishiri gaba ɗaya rana guda, abinci zai yi lami, mutanen gida su yi fushi su koma gidan jiya. Ka zauna da Mama ko uwargida cikin girmamawa, ku rage dunƙule ɗaya a wannan makon, wani ɗaya a mako na gaba. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da ka saba da shi ya riƙa yi maka zartsi. Daddawa mai kyau, albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da ɗan lemun tsami suna cike gurbin. Ɗan gishirin da za a sa ya zama mai sinadarin ayodin, saboda kariya daga maƙoƙo. Ka kuma yawaita zogale, alayyahu, wake, dankali, ayaba da kankana, don fotasiyam ɗinsu na taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam.

To, mu koma fili. Litar zufa ɗaya kan ɗauki kimanin giram ɗaya na sodiyam, wasu ƙasa da haka, wasu sama sosai. Sai dai jikin wanda ya saba da zafi, kamar kai da ka tashi a Gusau, yana koyon tattali: zufarsa na raguwa da gishiri, ƙodarsa kuma na riƙe abin da ake bukata. Atisayen awa ɗaya ruwa ya ishe shi, abincin dare zai mayar da sauran. Ɗaurewar ƙafa kuwa, mafi yawanta gajiyar tsoka ce, shi ya sa take zuwa a ƙarshen wasa ko a farkon kakar wasa lokacin da jiki bai gama murjewa ba. Lasar busasshen gishiri kafin a take wasa ƙishirwa za ta ƙara maka, wani ma ta tayar masa da zuciya.

Akwai ranakun da zan yarda ka ƙara. Wasan minti 90 a zafin Afirilu, ko atisaye sau biyu a rana, ko kuma in kana cikin waɗanda rigarsu ke yin farin zane kamar an shafa alli idan ta bushe, zufar kuma ta riƙa yi musu yaji a ido. A irin wannan rana ka haɗa ruwan gishiri da sukari: litar ruwa mai tsabta, ƙananan cokula shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa a lokacin wasa da bayansa. Na ranar ne kawai, ba izini ba ne na cika yaji har ƙarshen mako. Don ka san yawan zufarka, hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kimanin litar ruwa ɗaya ne.

Kada kuma tsoro ya sa ka ɗura ruwa fiye da kima. A gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston na Amurka ta 2002 an auna jinin 'yan tsere 488 bayan sun kammala, aka tarar kashi 13 cikin ɗari sodiyam ɗin jininsu ya faɗi ƙasa da yadda ya kamata, kuma babban dalilin shi ne yawan shan ruwa har nauyinsu ya ƙaru a kan hanya. Sha gwargwadon ƙishirwarka. Idan lokacin azumi ne, ka matsar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa baki.

Wani abu da ke damuna da 'yan ƙwallonmu shi ne haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen kafin wasa. Suna ɗaga jini, kuma a jikin da ruwa ya ƙaranta suna iya taɓa ƙoda. Ka bar su sai da umarnin likita.

Za ka iya cin karo da gishirin da aka cakuɗa da fotasiyam a manyan kantuna. Wani babban bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Amma kada ka saya wa Baba sai likitansa ya duba ƙodarsa da magungunansa, don in yana shan magungunan hawan jini irin su lisinofiril, losatan ko sifironolakton, fotasiyam na iya taruwa a jininsa har ya dagula bugun zuciya.

Awo ɗaya a ranar da kake cikin damuwar rashin lafiyar mahaifi ba ya tabbatar da hawan jini. Ka riƙa aunawa safe da yamma na tsawon mako ɗaya, kana zaune ka huta minti biyar, ba bayan ka dawo daga fili ba, ka rubuta a takarda. Ka kai wa likita ita, ka nemi a duba fitsarinka da aikin ƙodarka. Ka ci gaba da buga ƙwallonka kafin nan, amma in ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe a fili, ka fita daga wasan ka nufi asibiti a ranar.